Zanen da Brigida Ta Ajiye wa Nello

Rumfar Brigida tana jikin tawa a kasuwar gwanjo ta Resina, kusa da Napoli, tun muna da haƙoranmu cif, har muka kai ga jiƙa burodi a miya kafin mu ci. Ni wanduna da kwat na maza nake sayarwa, ita kuma kayan gado: zannuwa, labulaye, rigunan filo, duk na mutanen da ba mu taɓa gani ba. In aka yanke igiyar dila warin kafur ya tashi, mata su yi caa a kai, ni ina zagi ina bugun hannuwa, ita tana gefe tana ninki a natse sai ka ce a coci take. Sunana Olimpia, kuma kowa a layinmu ya san bakina ba shi da linzami. Brigida kaɗai ce take iya ce mini, "Ke Olimpia, rufe mana baki," in rufe.

'Yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Amma in aka zo batun ƙashi, ƙartin unguwa ma a bayanta suke laɓewa.

Ni na gani da idona. Da mijina Rocco ya cika shekarunsa a kabari, aka aiko daga maƙabarta a zo a tone shi, a wanke ƙasusuwan, a naɗe su a farin zane, a sa shi a gurbinsa na jikin bango kamar kowa. Kafin a yi wa mamaci wannan ai yana kan hanya ne, bai isa ba, bai huta ba. Na tafi da zanena da kwalbar barasar da ake goge ƙashi da ita, ina cika baki. Ana ɗaga murfin akwati na hango takalman da na sa masa da hannuna, sai ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Na zube a kan kabarin wani bawan Allah ina kuka ina amai. Brigida ta naɗe hannun riga, ta ja daro, ta jiƙa tsumma. Ɗaya bayan ɗaya ta goge shi tana yi masa hira. "Rocco, miƙo hannun nan mana. Kai! Har a nan ma taurin kan yana nan?" Ina cikin kuka na fashe da dariya. A kan mijinta Sabatino ta koya, wanda ya mutu da ƙuruciya ya bar ta da yaro ɗaya. Daga nan duk gidan da zuciyarsu ta gaza ita suke kira, kuma ba ta taɓa karɓar abin da ya wuce kofin gahawa ba.

Yaron nan shi ne Nello. Tsayin da Allah ya hana uwar, duk shi ya juye wa. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsu. Na sha zazzage dila guda don in samo masa wando, kowanne ya sa a ƙwauri yake tsayawa. Zia yake kirana, wato inna.

"Zia Olimpia, wai mutanen ƙasashen nan duk gajeru ne?"

"Su mutane ne, kai ne falwaya. Cire mini wando kafin ka yaga shi!"

Ya yi dariya, ya zagaya bayana ya buɗe tukunya ya cinye taliya da waken da na ajiye na rana. Wallahi har yau in na dafa taliya da wake sai in ji kamar za a buɗe tukunya a bayana.

Da ya girma ya bi jiragen ruwan garin Torre masu fita teku neman murjani. A tafiyar farko ya kawo wa uwarsa wani ɗan reshe ja, bai wuce ɗan yatsa ba, ta sa aka huda shi ta rataya a wuya. A kasuwarmu murjanin ƙarya ya fi na gaske yawa. In mata suka kawo mata nasu ta duba musu, ba ta ɓata lokacin kallo, a leɓe take ɗorawa. "Na gaske sanyi gare shi ko da tsakar rana," in ji ta. "Roba kuwa ba sanyi ba zafi, ba komai a cikinta."

Wata shekara, dab da shigowar sanyi, guguwa ta same su a ruwan Sardiniya, jirgin ya kife. Teku ya dawo da sauran, aka kawo su a akwatuna, aka yi kuka aka binne. Nello ne kaɗai bai dawo ba.

Brigida ba ta yi birgima ba, ba ta yaga riga ba. Ni ce na yi mata wannan. Ita rufe rumfa ta yi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Napoli, ta dawo da farin zanen gado sabo fil, wanda ba a taɓa kwana a kansa ba. Matar da ta ƙare rayuwarta cikin tsofaffin zannuwan mutane, wannan ne kaɗai sabon da na san ta taɓa saya. Ta sa aka yanka shi da tsayi sosai. Ba ta yi makaranta ba, sai wata maƙwabciya ta zana mata sunansa da fensir a kusurwa, ta bi da farin zare. Sai ka shafa za ka san akwai rubutu a wurin.

Na ce, "Brigida, me za ki naɗe a ciki?"

Ta ce, "Zai fito. Ba na so ya fito ya tarar ban shirya ba."

Kowace Nuwamba, ranar matattu, gari duka yake ɗunguma maƙabarta da furanni da wankakkun zannuwa. A buɗe gurbi, a canja wa mamaci zane, a ba shi labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu. Brigida ta canja wa Sabatino nasa, na Nello kuma ta je da shi a hammata ta dawo da shi a hammata. Ta wanke, ta goge, ta mayar akwati. Mutuwar ba ita ce take cin ta ba, duk uwar da ke da ɗa a teku ta san ana iya wayar gari da wannan. Abin da ya hana ta sukuni shi ne yaronta yana can a kan hanya, ba mai wanke shi, ba mai rufe shi. Ta ce duk sanda ta gan shi a mafarki gashinsa a jiƙe yake, yana rawar sanyi. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa.

Tagar bayan gidanta a kan Rami take, kamar tawa. Haka muke kiran tsohon garin nan na Romawa da Dutse, wannan mai aman wuta da ke tsaye a kan garinmu, ya binne, aka zo aka tone shi a ƙarƙashin ƙafafunmu. A bakinsa aka haife mu, amma ba mai shiga. Shiga Rami ai na baƙi 'yan yawon buɗe ido ne, masu gajeren wando da jan wuya. Iyakar hulɗata da shi, iska ta taɓa ɗauke ɗan kamfan Rocco daga igiyar shanya ta ɗora a rufin wani gidan Romawan, na ce mai gidan ya riƙe na bar masa.

Sai wata shekara masu tono suka isa can ƙasa, ga wasu ɗakuna a jere inda mutanen wancan zamani suke ajiye kwale-kwale, suka tarar da su cike da ƙasusuwa. Mutanen garin ne da suka gudo bakin ruwa suna jiran jirgi ya kwashe su, wuta ta riga jirgin isowa. Brigida ta riƙa wuni a taga tana kallo. Da aka buɗe wa jama'a wurin, ran wata Litinin ta ce mini, "Raka ni."

"Ina?"

"Rami."

"Ke kuma? In nemo miki gajeren wando?"

Ba ta yi dariya ba, sai na ja bakina na bi ta.

Ni ban iya kallonsu ba. Uwa ta rungume ɗa, wani ya dafe kai, baki a buɗe. An ja igiya a bakin kowane ɗaki don kada a matsa kusa. Ina ta jan hannunta mu tafi, sai ta tsaya cak a ɗakin ƙarshe. A bakin ƙofa, nesa da sauran, akwai wani shi kaɗai kwance a kan gefe, fuskarsa tana kallon inda teku yake a da. Yanzu babu teku a wurin, Dutse ya tura shi can nesa, sai wani dogon bango na daskararriyar ƙasa.

"Olimpia, dubi ƙwaurinsa."

Na duba. Dogaye ne, Allah ya sani.

"Wannan ma bai taɓa samun wando daidai shi ba," ta ce.

"Su ai zane suke ɗaurawa."

"To ya huta da bakinki." Ta yi wata 'yar dariya, irin wadda rabon da in ji tun Nello yana nan.

Kakanninmu mata suna da wata al'ada: mace ta zaɓi ƙoƙon kan da ba shi da kowa a ƙarƙashin tsofaffin coci na Napoli, ta riƙa goge shi tana yi masa addu'a kamar nata. Limaman coci sun hana tun tuni, amma hani bai cika isa kunnen matanmu ba. Muna hawowa ta faɗa mini abin da ta yanke.

"Uwarsa ba ta samu ta wanke shi ba, ni ma ban samu na wanke nawa ba. Shi ya jira jirgi bai zo ba, nawa ya shiga jirgi bai dawo ba. Na yi wa matar nan alkawari zan riƙe mata nata. In na riƙe, to duk inda teku ya ajiye Nello, Allah zai tashi wata mata ta riƙe mini shi."

"Wa ya faɗa miki haka ake yi?"

"Ba sai an faɗa mini ba."

Ta sa masa suna Dogo. Kowace Litinin, ranar da kasuwa take sanyi, ta ɗaura ɗankwali ta sauka Rami. Ta tsaya a bakin igiya ta yi addu'a, ta ba shi labarin gari, ta ajiye ɗan fure a ƙasa tun da an hana kyandir. Wani lokaci in raka ta. Baƙi su yi ta ɗaukar ta hoto, sun ɗauka ita ma tana cikin kayan tarihin. Mai gadin wannan ɓangaren, Gaspare, wani mai tumbi mai saurin zufa, ita ce ta wanke masa mahaifiya, saboda haka yana hango ta zai cire hula, ya kira ta Donna, yadda ake girmama manyan mata a wurinmu.

"Donna Brigida, ɗanki ya kwana lafiya, ko tari bai yi ba."

Ni kuma in ce, "Tun da kun shaƙu, ki roƙe shi ya ba mu lambobin caca mana, mu ma mu huta da warin kafur."

"Na tambaye shi. Ya ce sai ranar da kika wuni ba ki zagi kowa ba."

"Shi ke nan, mun mutu a talauce."

Ku yarda ko kada ku yarda, matar nan ta dawo mutum. Ta ci abinci, zobe ya koma yatsansa. Wata safiya ta zo rumfa tun ban gama shimfiɗa kaya ba, ta kama hannuna ta ce, "Na ga Nello. Gashinsa a bushe." Muka rungume juna a tsakiyar kasuwa muna kuka, mai sayen wando yana tsaye da wando a hannu yana jiran mu gama.

Sau ɗaya aka shiga tsakaninta da Dogo. Aka rufe ɗakunan da tamfol aka ce gyara ake yi, abin ya ja har sanyi ya wuce wani ya zo. Brigida ta koma taga, ba abin da ake gani sai tamfol da ma'aikata suna shiga suna fita da akwatuna. Ran da aka buɗe, kusan a guje ta sauka. Yana nan yadda ta bar shi, a kan gefe, fuska wajen teku, sai dai ya yi fes.

"Sun wanke shi!" ta ce. "Ba su kai ni ba, amma sun yi ƙoƙari."

Sun kafa wani sabon allo a gefe, mai rubutu da harsuna iri-iri. To wa yake karanta allo a garinsu? Allo na baƙi ne. Ita ba ta karatu, ni kuma tabarauna kullum a rumfa nake mantawa. Shekara da shekaru muna wuce shi, har jakata nake ratayawa a jikinsa.

Tsufa ya zo mana, ita ya zo mata da ciwo a ciki. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita, likita yana yi mana bayani yana kallon takalminsa. Ta gane, ni ma na gane. Ran nan ina ba ta romo a cokali ta ture hannuna.

"Ban cika alkawarina ba, Olimpia."

"Haba! Wane alkawari kuma? Ƙafafunki a hanyar Ramin nan suka ƙare."

"Kallo kawai nake yi daga bayan igiya. Kallo ai ba wanka ba ne. Ina so in goge masa goshi da hannuna, in rufa masa zanen Nello sau ɗaya, in yi addu'a in ɗauke. In na yi masa, ita ma waccan za ta rufe mini nawa. Sai in tafi hankalina kwance."

Muka aika aka kira Gaspare. Yana jin buƙatar sai zufa ta karyo masa, ya shiga murza hula.

"Donna Brigida, ki yi wa Allah ki bar shi haka. Daga nesa ya fi. Ni dai na roƙe ki."

"Tsoron aikinka kake ji, ƙaton tulu?" na ce. "Wa zai gan mu da sassafe, tattabaru?"

"Ba wannan ba ne, Donna Olimpia."

Brigida ta ɗaga mini hannu. A hankali ta ce, "Gaspare, mahaifiyarka tana da tsohuwar karaya a hannun hagu. Da na zo wurin lallaɓawa na yi, don kada in fama mata."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce mu zo Litinin kafin a buɗe ƙofa.

Muka sauka da sanyin safiya, ni ɗauke da daro da kwalbar barasa, ita da zanen a hammata, tana dogara da ni muna hutawa a hanya. Baƙar rigarta ta zuwa coci ta sa. Gaspare ya kwance igiyar, ya juya mana baya ya tsaya yana kallon bango.

Ta durƙusa a gefensa. "Dogo, ni ce. Yau dai na iso." Ta jiƙa tsumma ta shafa goshin, ta sake shafawa. Sai hannunta ya tsaya. Ta kama nasa hannun za ta ɗaga, yadda take yi wa kowa, hannun ya ƙi. Ta gwada haƙarƙari, ta gwada ƙwauri. Duk a manne suke da juna da ƙasan, abu guda. Ni daga inda nake ban gane ba, na ɗauka daɗewa ce. Sai na ga ta sunkuya ta ɗora leɓenta a goshinsa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ƙwanƙwasa ƙoƙon kan da zobenta, ya ce ƙwal-ƙwal kamar bokitin wanki.

"Olimpia," ta ce. "Roba ne."

"Me?"

"Roba ne. Ba mutum ba ne."

Gaspare ya juyo, hawaye har cikin gashin bakinsa. Ya ce tun wancan gyaran ne. Laima tana cin ƙasusuwan, sai aka kwashe su don a adana a kuma yi nazari, aka ƙera kamanninsu aka ajiye a madadinsu. "A rubuce yake a allon can, Donna Brigida, ba a ɓoye wa kowa ba. Da farko na ɗauka kin sani. Da na gane ba ki sani ba, na ga yadda kike murna, sai bakina ya mutu."

Wayyo, ranar ban bar kowa ba. Na zagi Gaspare, na zagi allon, na zagi masu gajeren wando, na ɗaga kai na zagi Dutse da bai taɓa jin kunyar kowa ba. Brigida ta ce, "Rufe mana baki," na rufe.

"Yana ina?" ta tambayi Gaspare.

"A akwati, a wani ɗakin ajiya. Ko Napoli ko Roma, ban sani ba. Da lamba suke, ba da suna ba."

"Akwatunan da na gani daga taga?"

"Su ne."

Tana nan durƙushe da tsumma a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta yi mini tambayar da har in mutu ba za ta bar kunnena ba.

"To duk shekarun nan, wa yake kula da Nello?"

Na ce addu'a ba ta ɓata, na ce Allah ya san inda Dogo yake ko a akwati ne, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ta girgiza kai.

"Na ce wa matar nan zan riƙe mata ɗanta. A gaban idona aka fita da shi, ina taga ina kallo, na dawo ina yi wa roba hira. Me zai sa wata ta riƙe mini nawa? Ashe yana can a jiƙe."

Rabin goshin abin ya jiƙe da barasa, rabi yana nan da ƙura. Ba ta iya barin aiki a rabi ba, sai ta ƙarasa goge shi. "Sannu," ta ce masa, "kai ba laifinka ba ne." Zanen ko warware shi ba ta yi ba. Hawowa, Gaspare ne ya ɗauke ta a hannu.

Tana isa gida ta sa na rataya labule mai kauri a tagar baya. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya zauna da ita ya faɗi abin da na faɗa, da kalmomin da suka fi nawa kyau. Ta ce masa ta gode, ta sa na ba shi gahawa. Ban sake jin ta ambaci mafarki ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Bayan Kirsimeti kaɗan ta kira ni kusa.

"In lokacin tone ni ya yi, ki nemo wadda hannunta ba ya rawa. Ke ba za ki iya ba."

"Ji ta! Wa ya ce zan bari ki riga ni? Zanen fa?"

"Bar shi a akwati. Ba a sani ba."

Ba ta ga ƙarshen watan ba. Muka binne ta da murjaninta a wuya.

Bara aka aiko daga maƙabarta. Ba ta da kowa, ni aka aiko wa. Na nemi wadda hannunta ba ya rawa, babu. 'Yan matan yanzu barin wa ma'aikata suke yi, su tsaya daga nesa da hanci a toshe. Na ce a raina Brigida ba za ta faɗa hannun wanda bai san ko sunanta ba. Gaspare, wanda ya bar aiki tuni yana dogara sanda, shi ya zo ya riƙe mini daro.

Ana ɗaga murfi ƙafafuna suka fara halinsu, na daka musu tsawa. Hannuna ya yi rawa kuwa, barasa tana zuba a ƙasa. Amma na yi. Ɗaya bayan ɗaya na goge ta ina yi mata hira. "Miƙo hannun mana, 'yar firit. Kin ce ba zan iya ba ko? To ga shi." Ƙasusuwanta kamar na tsuntsu. A tsakanin haƙarƙarinta na tsinci murjanin, zaren ya ruɓe, shi yana nan ja wur.

Ma'aikacin maƙabarta ya ce in kawo zane, na ciro na Nello. Eh, ta ce in bar shi a akwati, na ji. Sau ɗaya dai a rayuwa na ƙi jin maganarta. In teku ya ga dama ya sake shi wata rana, ya zo ya tarar da uwarsa a ciki tana jiransa.

Muka shimfiɗa, na jera ta a gefe guda. Ko rabin zanen ba ta ci ba, don ba don ita aka yanka shi ba. Mutumin ya kama ragowar zai cusa a ƙarƙashinta, na doke hannunsa.

"Bar shi! Wurin wani ne."

Na ɗauki murjanin. Daga teku ya fito, hannun Nello ne ya kawo shi, iyakar abin da ya rage mana nasa ke nan. Na jiƙa tsumma na wanke shi yadda ake wanke ƙashi, na ce, "Nello, Zia ce. Yi haƙuri, an daɗe." Na shafa kusurwar zanen har yatsana ya sami sunan, na kwantar da shi a wurin, kusa da uwarsa. Kafin in ja zanen in rufe su, na sake ɗaga shi na ɗora a leɓena. Rana tana tsaka, ana zafi, amma sanyi gare shi.